Baki na Rosari, hankali na kasuwa: yaya ake bimbini a kan asirai?

Ladi_K:
Salama 'yan'uwa cikin Kristi. A Rosari, addu'ar carbinmu ta Katolika, ana cewa a yi bimbini a kan asiri, wato wani abu daga rayuwar Yesu ko Maryamu, yayin da ake faɗin "A gaishe ki Maryamu" goma. To kalmomin zan bi ko asirin? Sannan littattafan addu'a biyu da ke hannuna sun saɓa kan asiran ranar Alhamis da Asabar. Wanne ne daidai?

Baba Katikis:
'Yata, ɗaya littafin tsohon bugu ne. Kafin 2002 asirai 15 ne: Alhamis na farin ciki, Asabar na ɗaukaka. A watan Oktoban 2002 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara asiran haske biyar, suka zama 20. Tsarin yanzu: Litinin da Asabar farin ciki, Talata da Jumma'a baƙin ciki, Laraba da Lahadi ɗaukaka, Alhamis haske. Shawara ce ya bayar, ba doka ba, shi ya sa in Kirsimeti ya faɗo ranar Jumma'a ba laifi a yi na farin ciki.

Malam_Zumunta:
'Yar'uwa, asirin za ki bi. Kalmomin baki ya riga ya haddace su, yatsa kuma na ƙirga ƙwayoyin carbi, duk don hankali ya samu sarari. Inda ake kuskure shi ne ambaton asiri a faɗa cikin "Ubanmu" nan take, zuciya ba ta kama komai ba.

Ki ambaci asirin, ki karanta aya ɗaya ko biyu, ki yi shiru kamar tsawon numfashi uku, sannan ki fara. Kada ki ɗauki labarin duka, abu guda ya isa goman nan. A bikin Kana, Yohanna 2:1-11, ki tsaya kan bayin da ke cika randuna shida da ruwa alhali ruwan inabi ne ya ƙare. Wani makon sai ki tsaya kan maganar Maryamu a aya ta 5. In hankali ya gudu, sunan Yesu da ke tsakiyar addu'ar shi ne wurin komowa. Wasu ma kan ƙara 'yar jimla bayan sunan, misali "Yesu, wanda aka yi wa bulala", kuma wasiƙar da Paparoma ya rubuta kan Rosari a 2002 ta yaba da hakan. Kada ki koma farkon goman don kin shagala, wannan ne ke sa mutane gajiya su bari.

Mama Rifkatu:
Malam, shirun nan a gida yana da sauƙi, a taron Rosarin Oktoba kuwa sai mai jagora ya so. In ya yi gudu, jama'a na amsa rabi na biyu tun bai gama na farko ba, sai a kammala cikin minti goma ba wanda ya ga komai. Asirai biyar a natse kan ci minti 20 ko fiye. Wanda ba shi da lokaci gara ya yi goma ɗaya da safe, sauran ya rarraba su cikin yini.

Ladi_K:
Na gode Baba, Malam da Mama. Ɗaukan Maryamu zuwa sama da naɗa ta sarauniya fa, wace aya zan karanta?

Baba Katikis:
Waɗannan biyun, asiri na huɗu da na biyar na ɗaukaka, Bishara ba ta ba da labarinsu kai tsaye ba. Ga na huɗu ki ɗauki waƙar Maryamu, Luka 1:46-55, ga na biyar Ru'ya ta Yohanna 12:1, macen nan mai rawanin taurari goma sha biyu.