Mene ne aikin 'yar sarƙar da ke fitowa daga hob ɗin tayar baya?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Na gaji tsohon keke Raleigh daga kawuna, kuma ina so in tayar da shi domin zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Terminus a cikin Jos. Hob ɗin tayar baya, wato cibiyar tayar, ya fi na sauran kekuna kauri, akwai 'yar sarƙa da ke fitowa daga cikin aksul (ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa) ta hannun dama, sannan akwai wani ɗan murfi a jikinsa. An rubuta Sturmey-Archer da AW, da lambobi 74 da 6. An ba ni shawarar in cire shi in sa na zamani, amma ina son sanin aikin waɗannan abubuwa tukuna.

Mai gyaran keke a Dilimi: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a raba ka da wannan hob, domin giya uku ce a ɓoye a cikinsa, kuma ya fi yawancin na kasuwa ƙarko. A Nottingham ta Ingila aka ƙera shi, samfurin AW kuwa ya fara fitowa tun 1936. Lambobin suna nufin watan Yuni na 1974. 'Yar sarƙar ita ce ke canja giya, ana haɗa ta da wayar da ke tafiya har wurin hannun keke. Giya ta biyu tana juya taya daidai da yadda sarƙa ta kawo, ta ɗaya tana rage kashi 25 cikin ɗari domin hawa, ta uku tana ƙara kashi 33. Murfin nan ƙofar mai ce: ɗigo kaɗan na mai marar kauri ake zubawa, ba giris ba, domin giris yana daskarar da 'yan ƙarafan da ke kama giya.

Tsohon mahayi daga Bukuru: Gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi damuna. Idan ka kwance tayar, za ka ga wasu washa masu ɗan haƙori a bayan noti, waɗanda ke hana aksul juyawa a mazauninsa, kuma yaran shago sukan yar da su saboda rashin sani. Haka nan a saita wayar yayin da keke yake a giya ta biyu, ta yadda kafaɗar sandar da ke riƙe da 'yar sarƙar za ta yi daidai da bakin aksul. Idan saitin ya kauce, feda takan zame fanko tsakanin giya ta biyu da ta uku, wanda haɗari ne babba ga mai tuƙi a tsaye.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Shin zai iya da tuddan Jos kuwa?

Mai gyaran keke a Dilimi: Zai iya, musamman idan ka musanya faifan baya mai haƙora 18 da mai 22, sai dai dole a ƙara wa sarƙa tsawo.