Me za mu kira "introvert" da Hausa? Ni dai ban yarda da "miskili" ba

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ƙanwata amarya ce, wata huɗu da tarewa. Ranar wani suna a gidan mijinta ita ta tuƙa tuwo, ta raba abinci, ta gaida kowa har ƙasa. Da la'asar ta yi sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa kamar rabin awa. Kafin magariba magana ta zaga gida: amaryar nan miskila ce. Ta kira ni murya na rawa: "Yaya, yaya zan yi wa Hajiya bayani? Wallahi ba fushi nake ba, kaina ne ya cika."

Na san sunan abin da Turanci, na rasa shi da Hausa.

Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, shi ya yaɗa kalmomin "introvert" da "extravert" a littafinsa na 1921 kan nau'o'in hali. Tushensu Latin ne: juyawa ciki da juyawa waje. Daga baya Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers a Amurka suka gina wani gwajin hali mai kasa mutane gida 16 a kan aikinsa. Ma'anar da ake amfani da ita yau mai sauƙi ce: "introvert" shi ne wanda taro ke gajiyar da shi, sai ya keɓe yake dawowa daidai, "extravert" kuwa zaman shi kaɗai ke gajiyar da shi, cikin mutane yake wartsakewa.

To, miskili ba wannan ba ne. Miskili kana yi masa magana yana jinka ya share ka, da gangan. Kalmar tana ɗauke da zargi, kuma zargin ne ya sa ƙanwata kuka.

An ba ni "mai kunya". Kunya tsoron idon mutane ce, alhali na san malamin da ke tsayawa gaban aji cike ba gezau, amma da an tashi ba ka ganinsa a majalisa. "Shiru-shiru" ya kusa, sai dai irin mutanen nan in suka samu amininsu sai su raba dare suna hira. "Mai zurfin ciki" kuma ɓoye damuwa ne, wata matsala ce daban.

Abin da na tsaya a kai: mai keɓewa da mai cuɗanya. Babu yabo a cikinsu, babu suka. Na guji "kaɗaici" don yana jawo kewa da tausayi. Wanda ke tsakiya, kuma yawancinmu nan muke, a ce masa ɗan tsaka-tsaki.

Amfanin sunan har wurin aiki ya kai. Shugaban da ya gane yana da mai keɓewa a ofis zai tura masa batun taro tun jiya, ya bar shi ya kwana da shi, maimakon ya ritsa shi gaban mutane da "kai me ka gani?" Mai cuɗanya kuwa a tura shi wurin kwastomomi, kada a kulle shi da takardu wuni guda.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, in akwai tsohuwar kalma a bakin kakanninku, ku kawo ta, zan ajiye tawa. Ƙanwata dai ta riga ta gwada: "Hajiya, ni mai keɓewa ce, in na ɗan huta zan fito." Hajiya ta ce marigayi mijinta ma haka yake.