Shawarwari kan zumuncin al'adu tsakanin Sakkwato da Nijar

A zaman da wasu malamai da marubuta suka yi a Sakkwato, batun tsofaffin littattafan Larabci da ajami ne ya fi ɗaukar lokaci. An ba da shawarar Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai su haɗa kundi ɗaya na abin da kowacce ta adana, domin tarihin jihadin 1804 ya ratsa iyakar, Shehu Usmanu kansa ma a Maratta aka haife shi, cikin Nijar ta yau. A ganina wannan ya fi gaggawa, tunda gara ba ta jiran sa hannun hukumomi.

An kuma nemi a daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa na ƙasashen biyu, a sauƙaƙa wa makaɗa da 'yan kokawa ƙetarawa daga Illela zuwa Birnin Ƙonni.