Neman shawara: bita ɗaya aka ba ni, wacce zan zaɓa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi, ban daɗe da kama aikin ba. Mu kaɗan ne, don haka ni ce mai zagayawa da baƙi, ni ce mai riƙe littafin rajista, makullin sito ma a hannuna yake. Shugabanmu ya ce bana za a ɗauki nauyina zuwa bita guda ɗaya tak, ga shi biyu ne a gabana. Ɗaya kan ɗaukar hotunan kaya da saka su a intanet ce, haɗe da jawo baƙi ta Facebook da Instagram. Ɗayar kuma kan rubuta bayanan kaya da kare su daga lalacewa.

Raina ya fi kwanta wa ta farkon, domin baƙinmu sun ragu ƙwarai. Sai dai halin da sitonmu ke ciki yana hana ni sakat. Kayan saƙa na ninke cikin kwalaye a ƙasa, lambobin wasu sun goge, akwai abin da ke cikin littafi amma ba a ganinsa, akwai kuma wanda ake gani ba ya cikin littafi. Sannan na sha ganin mutane sun je bita sun dawo da satifiket da jaka, aiki na nan yadda yake. Ba na son nawa ya zama haka. Don Allah a ba ni shawara.

Dattijo, tsohon mai kula da kaya:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ki je ta biyun. Ke da bakinki kin faɗi ciwon: littafi da kayan da ke sito ba su daidaita ba. Idan kika saka hoton abin da ba shi da lamba a intanet, gobe wani ya tambaye ki daga ina ya zo, wa ya kawo shi, yana ina yanzu, me za ki ce? Ran da kuma abu ya ɓace, Allah ya kiyaye, 'yan sanda bayani za su nema, da hoto da awo. Saboda haka ne cibiyar Getty ta Amurka ta fito da tsarin rubuta bayanan kaya mai suna Object ID a 1997, wanda yanzu ICOM, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ke kula da shi. Tambayoyi tara ne: wane irin abu ne, da me aka yi shi kuma ta yaya, girmansa, rubutu ko alamar da ke jikinsa, tabo ko gyaran da ya bambanta shi da irinsa, sunansa, abin da yake nunawa, zamaninsa, da wanda ya yi shi. A haɗa da hoto da taƙaitaccen bayani. Duk bitar da za ta zaunar da ke ki cika wannan a kan abu na gaske, tana da amfani.

Kuma ki ajiye kwafin bayanan a wajen ginin. A Satumbar 2018 gobara ta cinye mafi yawan kayan gidan tarihin ƙasa na Brazil da ke Rio de Janeiro, wajen da ke da kaya kusan miliyan 20. Tun lokacin nake ƙara jaddada wa yara wannan.

Mai aikin hoto da shafukan sada zumunta:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja kaɗan. Gidan da ba a zuwa, masu ba da kuɗi mantawa suke da shi, idan kuɗin ya yanke kuwa har sitan zai ji a jikinsa. Sabuwar ma'anar gidan tarihi da ICOM ta amince da ita a Prague a 2022 ma ta ba da ƙarfi kan buɗe wa jama'a ƙofa da tafiya tare da al'umma. Kada mu mai da aikinmu gadin kwalaye.

Duk da haka 'yar'uwa, a halin da kike ciki ni ma ta biyun zan ce. Abin da za a koya miki kan Facebook kina iya tsintarsa da kanki a hankali. Hoton rajista ma waya ta isa: shimfiɗa marar ado, hasken taga wanda ba rana kai tsaye ba, rula a gefe, kati mai lambar abin a cikin hoton, sannan ki sa wa hoton sunan lambar. Kina gyara rajista kina tara hotunan da za ki saka badi.

Mai gyara da adana kayan saƙa:
Ƙanwata, kafin a biya kuɗi ki nemi jadawalin bitar ki duba. Awa nawa ne na taɓa kaya da hannu, nawa ne na kallon majigi? Masu koyarwar sun taɓa riƙe sito? Abin da za su koyar zai yiwu a gidan da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki? Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ki nemi wata.

Bita mai kyau za ta fara da abubuwa goma da ke lalata kaya, kamar yadda cibiyar adana kayan tarihi ta Kanada ta jera su: bugu da faɗuwa, sata da ɓarna, wuta, ruwa, ƙwari, ƙura da gurɓatacciyar iska, haske, zafin da bai dace ba, laimar da ba ta dace ba, sai rabuwar abu da bayaninsa. Wannan na ƙarshen shi ne naku. Za ki ji cewa tufafi da takarda ba a son hasken da ke sauka a kansu ya wuce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma laimar iska idan ta daɗe sama da kashi 65 cikin 100 funfuna na iya tashi. Za ki koyi cewa ba a manna salatif ko rubuta biro a jikin kaya. Tufa, ɗinka mata ɗan ƙyallen auduga mai lamba ake yi. Takarda, fensir mai laushi. Abu mai tauri, a shafa siririn Paraloid B-72, wani ruwan shafe mai bushewa garau, a rubuta lambar a kai, a sake shafawa, don a iya cirewa ba tabo.

Kwalayen nan ki ɗaga su daga ƙasa tun yau, ko da santimita 10 ne, kada ki jira bita. Ki buɗe ninkin ki duba. Idan kin ga ɗan gari-gari kamar tsaki ko ƙananan huji, asu ne ko ɗan'uwansa. Ki ware abin a leda, kada ki fesa maganin ƙwari. Akan kashe su a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla mako guda, cikin leda a rufe ruf, kuma ba a buɗewa sai abin ya kwana ya dawo zafin ɗaki. Amma ba kowane abu ke jure wannan ba, kamar zanen fenti da hauren giwa, don haka ki tambaya tukuna.

Abu ɗaya nake roƙonki. Gajeriyar bita ba ta mai da mutum mai gyara. Na ga wanda ya dawo da zumuɗi ya goge tsohuwar tagulla har tana ƙyalli, abin da ya kankare kuwa ba ya dawowa. Kada ki wanke, kada ki liƙa, kada ki goge.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga ta biyun. Saura tsorona na ɗaya: idan na dawo aka ce babu kuɗi fa?

Shugaban wani ƙaramin gidan tarihi:
Malama, bari in yi magana daga kujerar shugabanki. Abin da ke kashe mana gwiwa shi ne ma'aikaci ya dawo da jerin na'urorin da ba mu da halin saya. Tun kafin ki tafi ki ɗauki hotunan sitan yadda yake, ki rubuta shafi ɗaya, ku yarda da shi kan aiki guda da za ki yi in kin dawo, misali daidaita kanta ɗaya da littafi. Ki tafi da hotunan ki nuna wa masu koyarwa, ki karɓi lambobin abokan bitarki.

Ki nemi tsarin sake shirya sito mai suna RE-ORG na ICCROM, cibiyar adana kayan tarihi ta duniya da ke birnin Rum, wanda suka tsara da UNESCO domin ƙananan gidajen da sitonsu ya cakuɗe. Kyauta yake a intanet. Mafi yawansa aikin hannu ne: fitar da abin da ba kayan tarihi ba, irin su karyayyun kujeru da tsofaffin allunan nuni, ba kowace kanta lamba, rubuta inda kowane abu yake. A makon da kika dawo ki tara kowa ki koya musu abin da kika samo, har da masu shara da masu gadi, domin su ke fara ganin yoyo da hanyar gara.

Mai tambaya:
To shi ke nan, gobe in sha Allahu zan ɗaga kwalayen, in ɗauki hotunan, in nemi jadawalin. Yaya, idan na buɗe na ga garin nan da kika ce, zan turo hoto nan kafin in taɓa komai.

Mai gyara da adana kayan saƙa:
Ki turo. Ki wanke hannu ki busar kafin ki buɗe, kuma ki shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi don ki ga abin da zai zubo.