Alhaji zai zuba miliyan 15 a manhajata, in karɓa?

Mai Manhaja: Salamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na ƙirƙiri manhajar da ke riƙe wa 'yan kasuwa lissafin kaya da na bashi. Shaguna 43 ke amfani da ita, yawancinsu a Kantin Kwari da Singa, kowa na biyan dubu 6 a wata. Ni da yaro ɗaya muke komai, kuma mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Wani Alhaji cikin kwastomomina ya ce zai ba ni miliyan 15, ya ɗauki kashi 35 na kamfanin, mu buɗe a Kaduna. In karɓa ko in ci gaba da lallaɓawa?

Ɗan Zazzau: Ka fara yin rajista da CAC tukuna, ɗan'uwa.

Maman Ilham: Dubu 6 ta yi yawa. A shagona na atamfa dubu 3 nake biya, ita ma sai na ga dama.

Injiniya: Hajiya, kantin magani ɗaya ni dubu 25 nake karɓa. Araharsa ce ke kashe shi.

Baban Khalifa: Ƙanena, ka saurare ni. Ni ma na karɓi irin wannan kuɗin, a falon mutumin, da shaidu biyu da addu'a, babu takarda. Wata huɗu ba a yi ba ya turo ɗansa da ya gama bautar ƙasa, wai manaja. Yaron ya ce a daina cajin abokan babansa, su ne kusan rabin kwastomomina. Ranar da na yi magana, sai Alhaji ya aiko direbansa ya ɗauke janareta da kujeru uku, har da ta zamana. A kan bokitin fenti na ƙarasa aikin ranar. Har yau in na wuce layin ba na waiwaya.

Ɗan Zazzau: Ai Paystack ma, ta Legas mai harkar biyan kuɗi ta intanet, da kuɗin masu zuba jari ta girma, har takwararta Stripe ta Amurka ta saye ta a 2020.

Injiniya: Malam, ka taɓa sayar wa mutum ɗaya manhaja? Labarin Legas kake kawo mana, mu nan sai ka je shago sau biyar kafin a biya ka kuɗin wata.

Na-Allah: Ni dai bokitin nake tambaya, shi ma Alhaji yana da kashi 35 a ciki?

Mai Manhaja: Jama'a, in lauya ya rubuta yarjejeniya fa?

Injiniya: Rubuta ko kar a rubuta, da dala kake biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar a intanet. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Kwastoma kuwa ƙara masa ɗari biyar ka ga fushi.

Baban Khalifa: Sannan yaron da ka koya wa aiki shekara biyu ya samu Turawa masu biyansa da dala daga ɗakinsa. Nawa ko sallama bai yi min ba, a WhatsApp na ga ya fita daga zauren ofis.

Maman Ilham: To ku nawa kuke biyan yaran? Ku faɗa mu ji.