Daga ina zan fara karatun falsafar wanzuwa?

Ɗalibi daga Zariya: Assalamu alaikum. Na aro littafin Being and Nothingness na Sartre, masanin falsafa ɗan Faransa, shafi sama da 600, gabatarwar kawai ta gagare ni. Da gaske nake son fahimtar abin da masu falsafar wanzuwa (existentialism) suke faɗa kan 'yanci da zaɓi. Don Allah wanne ya kamata in fara da shi?

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye wannan tukuna. Nemi laccar da Sartre ya gabatar a Paris a 1945, Existentialism Is a Humanism, a zama ɗaya za ka gama ta. A ciki akwai ɗalibinsa da ya rasa abin yi: ya zauna da mahaifiyarsa da ba ta da kowa sai shi, ko ya tafi yaƙi da Jamusawa? Sartre bai zaɓa masa ba, ce masa ya yi kai ke da 'yanci, ka zaɓa. Wannan misalin ya daɗe yana damuna.

Ɗan Damagaram: Mu nan da littafin labari L'Étranger na marubuci Camus muka fara, na 1942. Gajere ne, a Aljeriya labarin ya faru. Sai dai shi kansa Camus ya ƙi a kira shi ɗan wannan mazhaba.

Wani dattijo: Yaro, ba duka masu wannan falsafa ne marasa addini kamar Sartre da Camus ba. Kierkegaard, masanin falsafa ɗan Denmark, Kirista ne, Fear and Trembling na 1843 kan Annabi Ibrahim da umarnin yanka ɗansa yake. A ruwayarsu Ishaƙa ne ɗan, ka san da haka kafin ka buɗe.