Na taimaki karen da mota ta buge a Ohio, mai shi na neman diyya

Assalamu alaikum. Masana shari'ar Amurka, ku taimaka.

A birnin Columbus nake, jihar Ohio. Mota ta buge wani kare a bakin titi ta wuce, jini na zuba daga ƙafarsa ta baya. Na ɗaure wurin da rigata, na naɗe shi a bargo, na kai shi asibitin dabbobi. Ya rayu, amma an yanke ƙafar. Yanzu mai karen ya aiko mini da takarda, wai ɗaurin da na yi ne ya kashe ƙafar, in biya kuɗin aikin ko mu haɗu a kotu.

Na kira shi, ya ƙi saurarona. Asibitin sun ce ba za su ba ni rahoton likita ba tunda karen ba nawa ba ne. Na kuma duba dokokin jihar. Na ga guda biyu: ɗaya, ta 2016, tana kāre wanda ya fasa mota don ceto dabba, ɗayar kuma ma'aikatan agajin gaggawa ta ba izinin taimaka wa kare da kyanwa. Ni ban shiga ko ɗaya ba. Saura sashe na 2305.23, wanda ya ce ba a neman diyya daga wanda ya ba da agajin gaggawa a wurin hatsari sai in ya yi ganganci, amma bai ambaci dabba ba. Abin ya tsaya mini a rai, don ba zan iya ganin rai na zubar da jini in wuce ba.

Shin wannan sashen yana kāre wanda ya taimaki dabba, ko mutum kaɗai ya shafa?